Darasin Hunturu: Tafakkuri A Bakin Tafkin Da Ya Daskare

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya jeranta dare da rana, Ya raba mana shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara, Ya kuma sanya wa kowane lokaci aikinsa da adonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, ga shi hunturu ya sake zagayowa. Hazo ya rufe gari, leɓɓa sun tsage, sahun asuba ya ragu a masallatai. A irin wannan lokaci akasarinmu ba mu da wata magana game da sanyi sai ƙorafi. To, darasinmu na wannan mako zai duba ɗaya fuskar, watau kyawun da Allah Ya ajiye a cikin sanyi, da abin da ake so Musulmi ya samu in ya tsaya ya dubi wannan kyau.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Abu biyu ne suka haɗu a mako guda suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, a makarantar dare da nake koyarwa a Tarauni, inda magidanta kan taru bayan sallar isha'i, muna cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, sai muka kai addu'ar da ake yi wa mamaci. A cikinta ana roƙon a wanke shi da abu uku, ruwa da salju da baradu. Na fassara na biyu na ce ƙanƙara, na zo kan na uku ma na ce ƙanƙara. Sai wani dattijo, tela, wanda ya duƙunƙune cikin mayafi, ya gyara murya ya ce, “Allah gafarta Malam, tambaya biyu gare ni. Yaya ƙanƙara ta zama biyu? Sa'an nan in wanki ake so, ai ruwan zafi ya fi fid da dauɗa. Mu da muke rawar ɗari yanzu, yaya za mu roƙa wa mamacinmu ƙanƙara?”

Na biyu, wani tsohon ɗalibina da ke karatun likita a birnin Kazan na ƙasar Rasha ya aiko mini da hoto ta waya. Tafki ne ya daskare daga gaɓa zuwa gaɓa, fari fat, itatuwan bakinsa sun zub da ganye, ga hasumiyar masallaci tana leƙowa daga baya. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa ya yi kusan rabin sa'a a tsaye yana kallo, bai san lokaci ya wuce ba, daga baya sai ya ji tsoron kada hakan ya zama shagala. Ya ce, “Malam, lada na samu ko ɓata lokaci na yi?”

Da na yi nazari sai na ga tambayar tela da ta ɗalibi amsarsu guda ce, don haka na haɗa su a darasi ɗaya.

ƘANƘARA A HARSHEN LARABCI

Mu fara da luga, domin ita ce mabuɗin karatu. Bahaushe yana da kalma ɗaya, ƙanƙara, saboda iri ɗaya ya saba gani, watau wadda ke faɗowa kamar tsakuwa tare da hadari. Balarabe kuwa ya rarrabe. Baradu ita ce wannan mai faɗowa kamar tsakuwa, wadda kan fasa ganyen dawa ta yi ƙara a kan kwano. Salju ita ce mai saukowa sannu a hankali kamar auduga, wadda yau muke kira dusar ƙanƙara. Jalidu shi ne ruwan da ya daskare a inda yake, kamar na tafki ko kogi. Saƙi'u kuwa ita ce farar ƙanƙarar da kan kwanta a kan ciyawa cikin dare kamar raɓa. Ɗalibi ya lura: in an sa wa harafin ra fataha aka ce baradu, ƙanƙara ake nufi, in an sa masa ɗauri aka ce bardu, sanyi ake nufi.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci baradu a Suratun Nur, aya ta 43, a inda ake bayanin yadda Allah ke kora girgije Ya haɗa shi Ya tara shi. Ya ambaci hunturu da sunansa, shita'u, sau ɗaya, a Suratu Ƙuraish, wajen tuna wa Ƙuraishawa ni'imar fataucinsu, domin da sanyi sukan nufi Yaman, da zafi su nufi Sham. Ya kuma ambaci zamhariru, watau matsanancin sanyi, a Suratul Insan, aya ta 13, a cikin abin da aka tsare 'yan Aljanna daga gare shi. Salju kuwa a hadisai ta zo. Wannan ita ce amsar tambayar tela ta farko. Ta biyun sai mun je bakin tafki mun dawo.

YADDA TAFKI KE DASKAREWA

Birnin Kazan shi ne babban birnin Tataristan, ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 10. A tsakiyar birnin akwai tafkin Kaban, kusa da shi kuma akwai Masallacin Marjani, wanda aka gama gininsa a 1770. In hunturu ya kama a can, yini yakan gajarta har ya koma sa'a 7, awon sanyi ya sauka ƙasa da sifiri ya zauna haka wata da watanni. Ƙanƙara takan fara daga gaɓa, inda ruwa ba shi da zurfi, siririya kamar gilashi, ta riƙe ƙafafun ciyawar bakin ruwa. Daga nan ta riƙa miƙawa zuwa tsakiya tana ƙara kauri, har a wayi gari an daina jin motsin ruwa ɗungum. Sai dusa ta sauko ta lulluɓe komai. In rana ta fito, kowane ƙwayar dusa yakan mayar da haske, fili ya riƙa ƙyalli kamar an watsa garin azurfa. Wanda ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan baƙin ƙyalle ya duba da madubin ƙara girma zai ga tana da kusurwa shida, an tsara ta kamar zanen magini a bangon soro.

Mai kallo daga gaɓa zai ce wannan tafki ya mutu. Alhali kuwa a ƙarƙashi kifi na nan yana yawo, har masunta kan huda rami a kan ƙanƙara su zura ƙugiya su kamo shi. Yaya aka yi haka?

Al'adar yawancin abubuwa ita ce in sun yi sanyi su tsuke su ƙara nauyi, daskararrensu kuma ya nutse a cikin narkakkensu. Ruwa ma yana bin wannan al'ada, amma zuwa wani haddi. Yana sanyi yana tsukewa yana nutsewa ƙasa, har ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyos. A nan ne ya fi nauyi. Daga digiri 4 zuwa sifiri sai al'amari ya juya, ya riƙa saki yana raguwar nauyi, sa'ad da ya daskare kuwa sai ya kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Kowa ya ga wannan a gidansa. Ledar ruwan da ta kwana a firji takan fito a kumbure, kwalbar da aka cika aka toshe takan fashe, ƙanƙarar da aka jefa a zoɓo ko kunun aya kuma ba ta nutsewa, a sama take tsayawa.

Saboda haka a tafki mai zurfi ruwa mai digiri 4 yakan kwanta a ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya a sama, ya daskare a can, ya zama murfi. Murfin nan kuwa shi ke tare iskar sanyi, ya hana ɗumin ruwan ƙasa fita da sauri. Da ƙanƙara ta fi ruwa nauyi, da duk wadda ta samu sai ta nutse, wata ta samu ta bi ta, tafki ya riƙa cika daga ƙasa, abin da ke cikinsa ya rasa mafaka. Dubi tafkin Baikal na Sibiriya, wanda ya fi kowane tafki zurfi a duniya, mita 1,642. Yakan daskare daga Janairu zuwa Mayu, kaurin ƙanƙararsa ya kai mita guda, har a 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, aka shimfiɗa layin dogo a kansa. Amma ƙarƙashin wannan mita guda, ruwa ne mai rai har ƙasa.

Ya kai mai hankali, tsaya a nan. Abin da ido ya ɗauka kabari ne, ashe bargo ne. Masana kimiyya sun bayyana mana yadda abin ke gudana, cewa ƙwayoyin ruwa in za su daskare sukan jeru jeri mai kusurwa shida wanda ya fi cin wuri, kuma muna gode musu. Mumini yakan karɓi wannan bayani ya ƙara da tambaya ɗaya: wane ne Ya ɗora wa ruwa wannan ɗabi'a tun ba a halicci mai aunawa ba? Subhanallahi.

ABIN DA MAGABATA SUKA GANI

Kada a zaci wannan al'amari baƙo ne ga Musulmi. A shekarar 921 Halifa Almuƙtadir ya aika da tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar a bakin kogin Bolga, ƙasar da Kazan take a yau, a cikinsu akwai Ahmad Ibnu Fadlan. Hunturu ya tsare su a Jurjaniyya ta ƙasar Hawarizm. Ya ba da labarin cewa kogin Jaihun ya daskare wata uku, dawaki da alfadarai da kekunan kaya suna bi ta kansa kamar hanya, shi kansa kuma ya fito daga wanka gemunsa ya daskare, sai da ya narkar da shi a bakin wuta. Sun isa Bulgar a watan Mayu na 922.

A ƙarni na 14 kuma Ibnu Batuta, wanda daga baya ya zo Takadda a 1353 har ya ambaci Gobir a labarinsa, ya ratsa waɗannan ƙasashe da hunturu. Ya faɗi yadda ya jibga riguna na fata har uku, nauyinsu ya hana shi hawa doki sai an ɗora shi, da yadda yakan yi alwala da ruwan zafi a kusa da wuta amma ruwan ya daskare a gemunsa. Abin lura a labarinsa shi ne bai bar alwalar ba.

Malaman fiƙihu ma ba su bar wannan babi ba. Shaihu Halil a Muhtasar ɗinsa, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya lissafa ruwan da ya narke bayan daskarewa a cikin ruwan da ake tsarki da shi, ya kuma lissafa salju a cikin abubuwan da ake taimama a kansu. Mun sha wuce waɗannan wurare a karatu muna ganin ba su shafe mu ba. Yau ga 'ya'yanmu a Rasha da Kanada da Sin da Turkiyya suna bukatarsu.

HUKUNCIN TSAYAWA A KALLI KYAU

Yanzu ga amsar ɗalibina. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Abdullahi ɗan Abbas, yana yaro, ya kwana a ɗakin innarsa Maimunatu, matar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Cikin dare ya ga Annabi ya farka, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, waɗanda ke yabon masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, sa'an nan ya yi alwala ya yi salla. Dubi jerin: kallo, sai tunani, sai salla. A Sahihu Muslim kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ya nuna cewa kyau abu ne da Allah Yake so. Imamul Gazali ya ware littafi guda a rubu'in ƙarshe na Ihya'u a kan tafakkuri kaɗai.

Saboda haka kallon kyawun halitta halal ne a asalinsa, niyya da tunani kuma su ke ɗaga shi ya zama ibada. Mutum biyu za su tsaya a gaɓa ɗaya. Ɗaya ya ɗauki hoto ya aika wa abokai don a san inda ya je, ya juya ya tafi. Wannan ba shi da laifi, amma ya bar riba a ƙasa. Ɗayan kuwa kyawun abin ya kai shi ga Mai abin, harshensa ya motsa da tasbihi, zuciyarsa ta yi laushi. Wannan rabin sa'arsa tana cikin littafinsa na lada in Allah Ya so. Misalinsu kamar mutum biyu ne da aka miƙa wa wasiƙa mai kyawun rubutu, ɗaya ya yaba hannun marubuci ya ninke ya ajiye, ɗaya ya yaba ya kuma karanta saƙon.

Sharaɗi biyu na gindaya wa ɗalibin nawa. Kada kallo ya fid da salla daga lokacinta, musamman a can inda azahar da la'asar da magariba ke bin juna kurkusa saboda gajartar yini. Kuma kada sha'awa ta kai shi takawa a kan ƙanƙarar da bai san kaurinta ba, domin masana wannan sha'ani ba su yarda mutum ya hau wadda ba ta kai santimita 10 ba, kuma jefa rai cikin halaka haramun ne.

RABONMU A NAN GIDA

Wani zai ce, to mu da tafkinmu ba ya daskarewa fa? Gaskiya ne, sanyin Kano a Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 12 ko 13 da asuba, bai kai sifirin da ruwa ke daskarewa ba. Sai can arewa, a duwatsun Azbin da Tibasti, ruwa kan kwana ya daskare, kuma dusar ƙanƙara ta sauka a kan rairayin Ain Safra ta Aljeriya a 1979 da 2016 da 2018. Amma Allah bai hana mu namu rabon ba.

Wanda ya tashi daga Gyadi-Gyadi bayan sallar asuba, ya kama hanyar Zariya, ya wuce Unguwa Uku da Na'ibawa da Kura, zai iya isa Bagauda ko Tiga hantsi bai ɗaga ba. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tare Kogin Kano ta mai da shi tafki mai faɗi. Na taɓa tsayawa a gaɓarsa da sanyin safiya a watan Janairu. Hazo ya haɗe ruwa da sama, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Rana ta fito fara sol kamar faifai, kana iya dubanta ido da ido. Kwalekwalen masunci yana tafiya kamar a iska yake rataye. Balbelu sun jeru a gaɓa, kowacce ta cusa wuya cikin kafaɗa. Kuka ta tsaya tsirara ba ganye, ga gawo kuwa kore shar a gefenta, shi da ya zub da nasa ganyen da damina sa'ad da kowa ke tofo. Na sa hannu a ruwan sai na ji ya fi iskar ɗumi, kamar yadda kowace uwar gida ta san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa da asubar hunturu. Ruwa ba ya saurin sakin zafin da ya riƙe, kuma wannan ɗabi'a tana cikin abin da ke raya kifin Kazan a ƙarƙashin ƙanƙara.

Har ila yau akwai igiya da ta ɗaure tafkinmu da nasu. Ruwan Tiga yana gangarawa ta Kogin Haɗeja zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Duk shekara, kafin tafkunan Turai da Sibiriya su daskare, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye sukan taso, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka a waɗannan fadamu da Tafkin Chadi su yi hunturu, in sanyi ya wuce su koma. Ba su da taswira, ba su da guzuri. Wanda Ya rufe musu ƙofa a can Shi ne Ya buɗe musu wata a nan.

Hazon ma da muke kuka da shi yana da labari. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a ƙasar Chadi, tsakanin duwatsun Tibasti da Ennedi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce wurin nan gindin wani ƙaton tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Ƙurar kuwa ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka rayu suka mutu a cikinsa. Iska kan kwashe ta ta bi ta kanmu, wani sashe har ya ƙetare Tekun Atalantika ya zama taki ga dajin Amazon. Ashe farar ƙurar da muke kakkaɓewa daga tabarmar masallaci a Tarauni tafki ce da ta taɓa cika da rai. Wane wa'azi ya fi wannan ga mai ganin duniya za ta dawwama? Sa'an nan sanyin nan shi alkamar Kadawa da Kura ke jira, in babu shi ba ta yin ƙwaya yadda ake so.

AMSAR TELA

Mu koma ga tambayar da muka jingine. Addu'ar wanki da ruwa da salju da baradu ta tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa kansa kamar yadda Abu Huraira ya ruwaito a Buhari da Muslim, ya kuma roƙa wa mamaci kamar yadda Aufu ɗan Malik ya ruwaito a Muslim. Malamai sun ba da hikima biyu. Imamul Haɗɗabi ya nuna cewa salju da baradu ruwa ne da hannu bai taɓa ba, ba a yi aiki da shi ba, yana nan a kan tsarkin da ya sauko da shi. Ibnul Ƙayyim kuwa ya kawo daga malaminsa cewa zunubi yana gadar wa zuciya dauɗa da zafi da rauni, kuma makomarsa wuta ce, don haka ana bukatar abin da zai wanke ya kuma sanyaya.

Na ce wa dattijon, “Baba, dauɗar riga maiƙo ce, ruwan zafi take so. Dauɗar zuciya kuwa garwashi ce. In ɗinki ya kama wuta a shagonka, ruwan zafi za ka tsaya nema?” Ya yi shiru, can ya ce, “Wallahi shekara nawa ina sallar jana'iza, yau na san abin da nake roƙo.” Na nuna musu hoton tafkin Kazan, waya ta zagaya hannu zuwa hannu, na ce su dubi wannan fari da babu sawun kowa a kansa, irinsa muke roƙa wa littafin ayyukan iyayenmu.

ABIN DA YA HAU KANMU

Tafakkurin da bai haifi aiki ba bai nuna ba. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu fita da su.

Na ɗaya, cika alwala. Ya zo a Sahihu Muslim cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana cikin abubuwan da ke kankare zunubi su ɗaukaka daraja. Da sanyi ne ake barin lam'a a diddige da gwiwar hannu, ko a shafa fuska a maimakon wankewa. Ɗumama ruwa halal ne, ba ya rage ingancin alwala. Taimama kuwa sai ga wanda ke tsoron ciwo ko ƙaruwarsa, kuma ba shi da halin ɗumama ruwa, kamar yadda Amru ɗan Asi ya yi a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi kuma bai hana shi ba. Jin ƙyuya kawai ba uzuri ba ne.

Na biyu, cin ribar lokaci. A ƙarshen Disamba yinin Kano bai kai sa'a 11 da rabi ba, dare kuwa ya haura sa'a 12 da rabi. Azumin nafila ba ƙishirwa, tsayuwar dare kuma bayan an ƙoshi da barci. Ibnu Rajab ya ware fasali a kan falalar hunturu a littafinsa Laɗa'iful Ma'arif. Waɗanda suka yi azumin Ramalana a 1998 da 1999, sa'ad da ya faɗo a Disamba, sun san sauƙin da muke faɗi.

Na uku, tausayi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa tsananin sanyin da muke ji da tsananin zafi suna daga numfashi biyu da aka yi wa wuta izini. Saboda haka sanyi yana da fuskar ado yana da fuskar gargaɗi, kuma mai bargo ne ya fi ganin adon. A daren da kake jin daɗin shayi a ɗaki, akwai almajiri ɗan shekara bakwai a zaure ko a rumfar kasuwar Tarauni, ya cusa gwiwoyi cikin riga ɗaya. Akwai tsoho mai tari, akwai mai gadi, akwai masu jinya da ke kwana a waje. Allah da Ya yi wa kifi murfi a ƙarƙashin ƙanƙara, mu Ya ɗora wa yi wa waɗannan murfi. Kowane gida a Gyadi-Gyadi da Tarauni ya buɗe adaka ya duba, da wuya a rasa rigar sanyi ko mayafi da aka shekara ba a taɓa ba. A fid da shi yau, kada a jira sanyi ya wuce. Wanda kuma ya kai ɗansa karatu wani gari ya sani nauyin suturarsa yana wuyansa, bai sauka a kan malam ko mutanen unguwa ba.

Na huɗu, kiyaye rai. Kada a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutum cikin barci. Kuma a kashe wutar jin ɗumi kafin a watse, domin da hunturu komai a bushe yake, iska kuma ba ta jira.

Ya ɗan'uwa, gobe in ka fito sallar asuba, kafin ka ce kai wannan sanyi, ɗaga kai ka dubi gari. In kana da hali ka kai iyalinka bakin ruwa wata safiya, ka nuna wa yara abin da muka faɗa, ka koya musu su ce Subhanallahi kafin su ɗauki hoto.

Allah Ya sa mu cikin masu kallo da idon basira, Ya sanyaya kaburburan iyayenmu da malamanmu, Ya tsare 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasashen sanyi, Ya kuma tsare mu daga zafin wuta da zamharirunta. Amin. Allah ne Mafi sani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.